Idan Za Ka Yawon Damina Daga Kibiya Zuwa Tiga, Fara Shirya Wayarka

Da zarar damina ta zauna aka yi hutun makaranta, sai ka ga samari sun haɗa babura uku ko huɗu, an ɗaure tanti da gidan sauro a baya, an nufi yawon buɗe ido. Ni ma ina cikinsu, don duk shekara sai na rufe shago kwana biyu. Amma sana'ata gyaran waya ce, kuma na san irin wayoyin da ake dire min a kan tebur bayan irin wannan tafiya.

Hanyar da muke bi ba ta da nisa: daga Kibiya zuwa Rano, a bi ta Rurum, a sauka Tiga. A Rano kada ka yi gaggawa. Garin yana cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajidda shi da Kano ake kira sarakunan baba, saboda rini. Ka tsaya ƙofar fada, ka nemi wani dattijo ya nuna maka inda ganuwa ta bi. Abin da zai faɗa maka ba ya cikin Google, don haka ka nemi izininsa ka naɗi muryarsa. Minti goma na murya bai kai nauyin bidiyon minti ɗaya ba, kuma ba ya cin batir.

Kafin ka bar gida, ka buɗe Google Maps, ka taɓa hotonka da ke sama, ka shiga Offline maps, ka zaɓi yankin daga Kibiya har Tudun Wada ka sauke. Mutane da yawa ba su san GPS ba ya buƙatar data ba. Daga tauraron ɗan adam yake karɓar saƙo, saboda haka ko babu sabis ko kara ɗaya, ɗigon nan shuɗi zai nuna maka inda kake. Kuma a tsakanin duwatsun Rurum, duk inda ka ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ka danna alamar jirgin sama. Waya ta fi shan caji lokacin da take ta laluben turke.

Maganar fawa banki kuwa, kada rubutun jikinsa ya ruɗe ka. Mai 20,000mAh, idan na gaske ne, zai cika waya mai 5,000mAh sau biyu da rabi ne, ba huɗu ba, don wani kaso yana tafiya wajen sauya ƙarfin wuta. Ku shida da guda ɗaya? Rigima ce kawai a tsakar dare.

Sai Tiga. An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa. Da yamma, idan masunta suna dawowa da kwale-kwale, wallahi ko ba ka son hoto sai ka zaro waya. To nan ne ake asara. Wani a ruwa za ta suɓuce masa, wani ruwan sama ne zai dake shi a kan babur tana aljihun gaba. Ledar Naira hamsin ta isa ta hana wannan.

Idan kuma ta jiƙe, don Allah ka kashe ta nan take, ka cire layi da memori, ka goge, ka bar ta a kashe. Kada ka jona caji "don a gwada". Ruwa kaɗai ba kasafai yake kashe waya ba. Haɗuwarsa da wuta ce ke ƙona injin. Zancen tura ta cikin shinkafa ma ka manta da shi, ba ta tsotso ruwan da ya shige ƙarƙashin sikirin, sai dai ƙura ta toshe bakin caji. Wadda aka kawo min a kashe washegari, sau da yawa wanki da sifirit ya wadatar. Wadda aka jona, sai mu yi ta fama, wani lokacin har hotuna da muryar dattijon nan su tafi. Shi ya sa duk inda sabis ya yi ƙarfi nake tura muhimman abubuwa zuwa Google Photos, ko ga wani a gida.

Wajen kwana, a gai da mai unguwa a kafa tanti kusa da mutane, nesa da bakin ruwa, don a damina yana iya ƙaruwa cikin dare. Dajin Falgore kuwa, duk kyansa, ni ba na shawartar kowa ya kwana can. In za a je, a je da rana bayan an tambayi halin tsaro. Kafin ku tashi daga kowane zango, ka tura wa wani a gida inda kake ta WhatsApp, ka zaɓi na awa 8, ka gaya masa lokacin da zai sa ran jin muryarka.