Akawal a turke

A unguwar Birni, cikin garin Damagaram, akwai wani dattijo wanda ya yi shekara talatin hawan salla bai taɓa wuce shi ba. Dukiyarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma yana da akawal guda, wanda yake ciyarwa da gero da harawa tun kafin shi kansa ya karya kumallo. Wata rana, bayan sukuwa, dokin ya komo gida yana ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu. Aka bar shi sati uku, ɗingishi ya ɓace, aka ɗaura sirdi, ɗingishi ya dawo. Haka aka yi ta yi har shekara ta kewayo, bayan ƙwabrin ya yi kauri kamar an naɗa masa igiya ƙarƙashin fata.

Da dabara ta ƙare, sai tsoho ya aika a kira mai lalas. Ranar kuwa ta dace da zuwan ɗansa hutu, likitan bisashe ne, wanda ya yi karatu a babbar makarantar Dakar, ya kuma ƙaro sani a Normandi ta ƙasar Faransa, a cibiyar CIRALE inda ake binciken gurguntar dawaki. Ya durƙusa, ya bi ƙafar da yatsa, dokin ya zabura.

"Baba, ku yi haƙuri, kada a sa masa wuta."

"Kai yaro, kakanka da lalas ya warkar da kilinsa, tun ba a san Dakar ba."

"Gaskiya ne, Baba. To wata nawa kilin ya yi ba a hau shi ba?"

Tsoho ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Daga kaka har faɗuwar damina."

A nan zancen yake. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Bayan ƙwabri akwai wata jijiya mai ƙarfi da ta taso daga ƙarƙashin gwiwa, ta rabu biyu, ta tallabe gaɓar da ke bisa kofato domin kada ta taɓa ƙasa in doki ya taka da gudu. Zarurruka ne jere, kamar saƙar igiyar guga. Jini kaɗan ne ke ratsa ta, shi ya sa ba ta saurin warkewa. In kuma ta warke, da tabo take warkewa, tabo kuwa ba ya miƙewa ya koma kamar zaren asali. Zafin ciwon yakan kwanta da wuri, alhali ɗinkin na ciki bai ko kai rabi ba. Mai doki ya ga ɗingishi ya tafi, ya hau, sabon zare ya tsinke. Turawa ma sun daɗe suna lalas, har binciken da aka wallafa a Ingila a 1983 ya nuna wutar ba ta ƙara wa jijiya komi. Abin da take yi shi ne ta hana a ɗaura sirdi har gyambon ya rufe.

Da dare, bayan lisha, ɗan ya ba uban labarin abin da ya gani a ƙasashen ƙetare. Tun wajen 1995 wani likita a Kalifoniya ta Amurka, Douglas Herthel, ya fara zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙirjin doki yana ɗura shi cikin jijiyar da ta lalace. A 2003, Roger Smith da abokan aikinsa a makarantar likitancin dabbobi ta Landan suka ƙara mataki: su kan tace uwayen ƙwayoyin halitta daga ɓargon, wato waɗanda ba su riga sun zama ƙashi ko guringuntsi ba, a rene su sati biyu zuwa uku a ɗakin bincike har su kai miliyoyi, sa'an nan a mayar da su da allura daidai wurin raunin, ana duban ciki da na'urar ekogarafi. Manufa ita ce jijiya ta ɗinke da zare mai kama da nata, ba da tabo ba. Rahoton da suka fitar a 2012 kan dawakin tsere ya ce wajen 27 cikin 100 ne ciwon ya sake kamawa, alhali a wani ƙidaya na can baya, ba tare da allurar ba, an samu fiye da rabi. Sai dai wannan lissafi na jijiyar da ke maƙwabtaka da ta akawal ne, mai lanƙwasa ƙafa. Akwai kuma wata hanya mai sauƙi: a ɗibi jinin dokin, a juya shi cikin na'ura har ƙwayoyin da ke daskarar da jini su taru wuri guda, a mayar masa da su a jijiya. A 2022 Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da wata allura ta uwayen ƙwayoyin da aka samo daga wasu dawaki, wadda ba sai an huda ƙirjin majinyacin ba.

Abin da ya fi shiga kunnen tsoho shi ne labarin Dream Alliance, dokin wasu talakawan ƙauye a yankin Wales, wanda jijiyarsa ta yanke a filin Aintree a 2008, aka yi masa wannan aiki, ya dawo ya lashe babban tseren yankinsu a ƙarshen 2009.

"To me kake jira? Ka aika a kawo allurar."

"Baba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Kuɗinta sun haura kuɗin dokin, kuma ba ta aiki sai da na'urorin da ba mu da su a hannu. Amma ku lissafa: dokin nan na Wales, fiye da shekara ya yi kafin ya sake tsere. Allura ba ta rage kwanaki, ɗinkin kaɗai take gyarawa, shi ma ba kullum ba, balle a ciwon da ya tsufa. Rabin maganin yana gidan nan, kuma ba a biyan ko dala."

Rabin nan shi ne mai wuya. Wata biyu na farko, jan ragama a hannu, minti goma safe da marece, bisa ƙasa mai tauri da ba ta da tudu, ba cikin rairayi mai zurfi ba inda ƙafa ke nitsewa. A gyara kofato ya daidaita. A rage gero domin kada ƙarfi ya sa shi tsalle a turke. Bayan haka a riƙa ƙara minti kaɗan-kaɗan. Sassarfa sai bayan watanni, sukuwa kuwa sai shekara ta kusa cika, in Allah ya yarda. Babbar salla saura wata uku.

Tsoho bai ce uffan ba. Kashegari da mai lalas ya iso, ya ba shi goro da kuɗin hanya, ya sallame shi. Maƙwabta suka yi ta magana: wasu suka ce ɗan lakwal ya fi ƙarfin ubansa, wasu suka ce ai doki in ba a hawansa jaki ya fi shi amfani. Wani ma ya zo taya akawal ɗin da arha.

Ran salla, da tambura da kakaki suka tashi daga ƙofar fada, akawal ya daka haniniya yana tonon ƙasa da kofato. Tsoho ya sa babbar rigarsa, ya naɗa rawani kamar yadda ya saba, ya ɗauko jalala ya kakkaɓe ta, ya mayar inda take. Sa'an nan ya kwance dokin, ya ja shi a hannu ta bayan gida, nesa da taro, yana duba agogon da ɗansa ya bar masa. Minti ashirin ne rabon wannan rana.

Cikin wata na bakwai kaurin ƙwabrin ya ragu, an fara sassarfa. Ɗan, da aka gaya masa ta talho, bai yi alkawarin komi ba. Ya ce kawai kada a ƙara minti sai ya zo ya taɓa ƙafar da hannunsa. Tsoho ya ce ya ji. Sirdin yana nan rataye a zaure, kowace juma'a yana shafa masa mai.