Jimlar da Ta Ɓuya a Shafi na 9

A wata jami'a ta Jamhuriyar Nijar ana yin zaman bitar rubutu kowace Laraba bayan sallar la'asar. Ɗalibai 12 ne ke kewaye teburi, kowa riƙe da kwafin shafukan da ɗayansu ya kawo. Ƙa'idar zaman guda ce: mai rubutu ba ya karanta aikinsa da kansa, ba ya kuma kāre shi. Wani ne ke karantawa da ƙarfi, shi kuwa ya yi shiru har a kai aya.

Ranar da aka zo kan wata ɗaliba ƴar Maraɗi, saura wata biyu a rufe karɓar kundin kammala digiri. Sau biyu malamin da ke duba aikinta yana mayar mata da babin farko, da gajeren sharhi a gefe cewa bai ga inda ta dosa ba. In ta rasa wannan zango, sai ta maimaita shekara, ga shi kuwa mahaifinta ya riga ya nuna cewa ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Abin ya ɗaure mata kai, domin Hausa ta sha a nono, kuma tun daga firamare ba a taɓa kushe rubutunta na Faransanci ba.

Batun kundin shi ne kalmomin da Hausar Maraɗi ta aro daga Faransanci. Wani ɗalibi ya fara karantawa. Shafin farko ya tafi wajen bayyana cewa harshe baiwa ce daga Allah. Na biyu ya kawo ma'anar aro a bakin masana huɗu, ba tare da an faɗi wadda aka zaɓa ba. Daga nan sai tarihin zuwan Turawa, da karin magana a ƙarshen kusan kowane sakin layi. Hausar tana da daɗin ji, babu wanda ya musa. Amma da aka kai shafi na 6, malamin da ke jagorantar zaman ya ɗaga hannu, ya nemi kowa ya rubuta a jimla ɗaya abin da marubuciyar ke son tabbatarwa. Aka tattara takardu 11, ba a samu biyu da suka yi daidai ba.

Aka ci gaba da karatu. A tsakiyar shafi na 9 sai wata ɗaliba ta ce a dakata. Ta sake karanta wata jimla da aka saƙala a ƙarshen wani dogon sakin layi, inda aka ce Bahaushe kan haɗiye harafin tabbatarwa na Faransanci tare da sunan da ya aro, kamar yadda ya yi wa Larabci tun da daɗewa. Misalan suna nan a jere. Daga l'école aka samu lakwal, daga l'impôt aka samu lanho, kamar yadda al-kitab ya zama littafi, al-khabar ya zama labari, al-akhira ta zama lahira.

"Ƴar'uwa," in ji ta, "ai ga kundin naki nan. Me ya sa kika binne shi?"

Da aka ba ta damar magana, amsarta ta bayyana tushen matsalar. A makarantar sakandare an horar da ita kan tsarin muƙalar Faransanci: a kawo ra'ayi, a kawo kishiyarsa, sannan a daidaita su a ƙarshe. Ta saba riƙe hukuncinta sai an kusa rufewa. A gida kuma ta tashi da tarbiyyar da ke ganin rashin kunya ne yaro ya faɗi ra'ayinsa gaba gaɗi a gaban manya. Waɗannan halaye biyu, kowanne da amfaninsa a muhallinsa, sun haɗu sun danne abu guda da ita kaɗai ta gano.

"Malam, ni wace ce da zan fara da ra'ayina alhali ga magabata?"

Malamin ya ce mata girmama magabata a rubutun ilimi shi ne a ambaci aikinsu daidai, a nuna inda suka tsaya, sannan a ɗora. Wanda ya jera sunayensu ya ɓuya a bayansu bai ƙara musu komai ba.

Ba a tsaya a yabo ba. Wani ɗalibi ya tambaya: in haka ne, ina harafin ya tafi a kaye, wanda ya fito daga cahier, da mushe, wanda ya fito daga monsieur? Ɗakin ya yi tsit. Ta duba jerin kalmominta, sai ta lura cewa école da impôt da wasali suka fara, kuma a irin wannan wuri Faransanci kan manne harafin da sunan har kunne ya ji su kalma ɗaya. Iƙirarin nata ya ragu, amma ya ƙara ƙarfi, domin yanzu yana da iyaka da dalili. Tambayar da ta so ta rushe shi ita ce ta gyara shi, kuma gara ta fito daga bakin abokin karatu da ta fito daga bakin mai jarrabawa.

Sai a ƙarshen zaman aka taɓa ƙa'idojin rubutu: inda ta bar ƙugiya har ƙasa ta koma kasa, da inda ta gauraya ƴ ta Nijar da 'y ta Nijeriya a shafi ɗaya. Aka ce ta zaɓi ɗaya ta tsaya a kai. Da gangan ake ajiye wannan sai ƙarshe, domin ba a yi wa ɗaki shafe alhali ginshiƙinsa a karkace yake.

Irin wannan zama ya ƙara muhimmanci tun da kundin sake gina ƙasa na shekarar 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Harshen da za a yi shari'a da bincike da shi yana buƙatar marubutan da suka iya kafa hujja, kuma iya magana da harshe bai isa ya koyar da wannan ba. Ana koyonsa ne a gaban masu karatu na gaskiya, waɗanda za su faɗi inda suka ɓace.

Bayan mako biyu ta dawo da babin. Shafuka 14 sun koma 8. Jimlar da ke shafi na 9 ta hau sakin layi na farko, masanan huɗu sun koma biyu, kowanne da dalilin kawo shi, karin magana ɗaya kawai ta rage. Da aka sake neman kowa ya rubuta manufar babin a jimla ɗaya, takardun suka zo kusan iri guda. Ta tattara su, ta ninke, ta sa a cikin kayenta.