Damagaram: a bi lungunan Birni da tarihi a kunne

Duk wanda ya shiga unguwar Birni da hantsi, abin da yake fara tarbarsa shi ne manyan duwatsu da gidajen ƙasa masu zane a fuska. Sai dai gini ba ya magana. Baƙo na iya wucewa ta gefen ragowar ganuwa bai san Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye garin da ita ba.

Wannan ya sa na gwada wata dabara da gidajen tarihi na Turai suka daɗe da ita: ziyara ba ɗan rakiya, murya ce ke yi maka jagora. Na ɗauki muryar wani dattijon unguwar a salula, na raba bayanin kashi-kashi, kowane wuri da nasa, na miƙa wa ƙanena ɗan lise. Daga ƙofar fadar Sarki muka tashi. A nan ya ji labarin Ahmadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe kyaftin Cazemajou a 1898, Faransawa suka ci garin a 1899. Gaba kaɗan ya ji cewa Bajamushe Heinrich Barth ya sauka nan a ƙarshen 1852, kuma Zinder ce babban birnin ƙasar daga 1911 har aka mayar da shi Yamai a 1926. Yaron nan haifaffen Damagaram ne, amma rabin wannan bai taɓa jin shi ba.

Aikin ba ya bukatar dukiya mai yawa. A rubuta lamba jikin kowane wuri, a ɗauki bayani na minti biyu ko uku da Hausa da Barbarci da Faransanci, a rarraba ta WhatsApp ko Bluetooth. Wanda ya samu sau ɗaya, ko ba intanet zai saurara.

Akwai masu fargaba, kuma da gaskiyarsu: ƴan rakiyar baƙi na ganin za a raba su da abincinsu. Magani shi ne su da maroƙan fada da dattawa su zama masu muryar, a biya su haƙƙinsu, malaman tarihi kuma su tantance bayanin kafin a sake shi.

Agadas ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Tsohon garin Zinder kuwa an sa shi a jerin jira tun 2006. Kada mu tsaya jiran Nasara ya zo. Ƴaƴanmu ne baƙi na farko, kuma dattawan da suka riƙe labarin sai raguwa suke. Magajin gari da fada, a hanzarta ɗaukar muryoyinsu tun suna raye.