Targaɗen Farkon Kaka

An gama yankan gero, an ɗaure damma, sanyin hunturu ya fara leƙowa, gangar kokawa kuma ta fara tashi da dare a Tanda. Yaran da ba su kokawa sun share fili a bayan lakwal suna buga balo. Haka muka taso muka tarar, kaka lokacin wasa ce. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne wanda na gani kwanan nan a bakin filin. Wani yaro ya gurɗe idon sawu, ya zauna yana riƙe da ƙafa, sai abokinsa ya kwance ƙullin leda ya miƙa masa tramol. Ya haɗiye, ya ɗan jira, ya koma fili yana ɗingishi, ana yi masa tafi wai namiji ne.

Ni na san ƙarshen irin wannan namijin, don da shi nake sahu ɗaya a masallaci. Sa'ana ne. A zamaninmu babu wanda ya kai bayansa ƙasa daga nan har Tara da Bana. Shekarar da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, 1975, muka ji a Muryar Sahel cewa Kantu na Maraɗi ya ci, tun daga ranar ba shi da magana sai ta a zaɓe shi cikin 'yan kokawar Doso, ya tsaya kusa da su Salma Ɗan Rani. A karon farko na wata kaka gwiwarsa ta yi ƙara, kafin dare ta kumbura. Mai ɗori ya duba ya ce ba karaya, amma ya bar fili sai kumburin ya saɓe. Kafin mako ya zagayo baƙi suka zo, makaɗi ya kama kirarinsa bai saki ba, 'yan mata suna guɗa. Ya ɗaure gwiwar da tsumma ya shiga, ya kuwa yi kaye. Kayensa na ƙarshe ke nan. Yau a kan kujera yake salla, gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Shi ko ƙwaya bai sha ba, kirari kaɗai ya ishe shi. To ina ga wanda ya haɗa kirari da tramol?

Ciwo ɗan aike ne, yana gaya maka wani abu ya yage a ciki. Tramol ba ya haɗa jijiyar da ta tsage, bakin ɗan aiken kawai yake rufewa, kai kuma ka ci gaba da yaga. Ga jaraba, ga farfaɗiya da yake jawo wa masu zuba shi da yawa. A 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil, 'yan kasuwa suka yi ta kuka, amma ƙwaya ba ta taɓa rasa hanya ba. Har waɗancan jajayen ƙwayoyin ciwon jiki da ake tallarsu a faranti, ana sha ciki babu komai, suna cin tumbi, suna taɓa ƙoda. Farasitamol ya isa targaɗe.

Yaran yanzu ma ba su da jiki. Daga gida zuwa kasuwa sai kabu-kabu, damina ta wuce hannunsu bai yi kanta ba, sannan rana ɗaya su faɗa fili. Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, mu da muka sha noma ma a farkon kaka muke jin rauni. Ƙarfin noma daban, na juyi da tsalle daban. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, jiki ya yi watanni bai murɗa ba. Shi ya sa ake ɗan sassarfa da miƙe gaɓoɓi har gumi ya tsatso kafin a kama juna, makon farko kuma a yi shi sannu.

In targaɗen ya faru, kwana biyun farko a bar gashi da ruwan zafi, a bar murza, a bar ƙaho. Duk suna ƙara kumburi. Mu da gashi aka rene mu, na sani, kuma yana da ranarsa, amma sai bayan kumburi ya fara sauka, a haɗa da man kaɗanya. Da fari sanyi ake so. Yanzu ana samun ƙanƙara wajen masu firji: a naɗe ta cikin ƙyalle, a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗauke, a maimaita bayan 'yan awoyi. In babu, tsumma da ruwan randa. A ɗaga ƙafar bisa matashi ta fi ƙirji tudu, a naɗe ta da bandeji ko rawani ba tamau ba. Yatsu suka yi sanyi ko suka mutu, a sassauta nan take.

Kada kuma a ce na ce a kwanta wata guda. Gaɓar da aka ajiye sandarewa take. Da zafi ya ragu a fara juya ta, a taka sannu. Ranar da yaro ya iya tsayawa da ƙafar ita kaɗai, ya yi gudu ya juya ba ciwo, ya koma wasa. Sa'ana da ya jira wannan ranar da wataƙila ya ga Doso.

Masu ɗori ina girmama su, sun tashi mutane da yawa. Amma hannu ba ya ganin cikin ƙashi. Wanda ya kasa taku 4, ko ƙashin ne ke zafi in an danna, ko gaɓar ta sauya kama, ko gwiwa tana zamewa, a kai shi likita a Gaya a yi hoto, musamman yaron da bai gama girma ba. Ɗaurin karan da ya matse ya sha jawo yanke hannu. Wanda kansa ya bugu har ya ga jiri ko ya yi amai, wasansa na ranar ya ƙare, likita zai duba shi. Ƙujewa kuwa ruwa mai tsabta da sabulu, ba ƙasa ba, ba fetur ba, in raunin ya yi zurfi a nemi allurar tetanos.

Iyaye da masu horar da yara, ku riƙa duba aljihunsu kafin su shiga fili. Ku kuma makaɗa, don Allah in kun ga ɗan kokawa yana ɗingishi, ku sauke kirarinsa ku kama na wani.