Ja, Ruwan Ɗorawa, Tsanwa: Wa Muke Rubuta wa Sakamakon Yara?

A Madarunfa da wuya ka sami uwar da ba ta san ƴar igiyar nan mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro ba. Ma'aikacin lafiya lamba yake karantawa a jikinta: ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani, daga 115 zuwa ƙasa da 125 matsakaiciya. Uwa kuwa launi take dubawa. Ja, a garzaya likita yau. Ruwan ɗorawa, a sa ido, a gyara abinci. Tsanwa, a gode wa Allah. A farkon shekarun 2010 ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata a Mirriya, jihar Damagaram, yin awon da kansu, aka ga suna iyawa kamar ma'aikatan lafiya na ƙauye. Awo ɗaya ne, amma kowa an ba shi a yadda zai yi aiki da shi.

Ni malamin makaranta ne, kuma duk ranar raba takardun sakamako igiyar nan ce ke faɗo mini a rai. Takardarmu da Faransanci take, cike da layuka, kowane darasi da nauyinsa, a ƙasa kuma maki bisa 20 har da waƙafi. Sufeto zai karance ta cikin minti ɗaya, don shi aka tsara wa ita. Uban yaro sai ya ninke ta ya sa aljihu, ya tambaye ni: "Malam, ya ci ko ya faɗi?"

Kada wani ya ce lissafi ne ya gagare shi. Mutumin nan a kasuwar Ɗan Isa yana juya naira zuwa sefa da ka, kafin mai na'ura ya gama latsawa. In ka rubuta masa 500, dala ɗari zai ce, don da dala yake ƙirga. Matarsa tana cikin Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, inda mata da yawa da ba su yi boko ba suke riƙe zubi da bashi ba tare da ɓatan ko dala ba. Masu lissafi ne. Harshen takardar ne ba nasu ba.

Shi ya sa nake fitar da sakamakon ajina kashi uku. Hukuma tana samun jadawalinta cikakke. A taron kwamitin kula da makaranta kuwa, allo nake zanawa: kowane yaro ƙaramin da'ira ɗaya, waɗanda suka iya karanta jimla a dama, waɗanda ba su kai ba a hagu. Mutum ya ga ɓangaren da ya fi cika, sai muhawara ta koma kan littattafai da fashin lokacin girbi. Uba ko uwa kuma, a keɓe nake nuna musu launi uku a gefen takardar, karatu, lissafi da zuwa makaranta, kowane launi da abin yi ɗaya: a rage masa tallar safe, ko a zaunar da shi da yayansa bayan magariba.

Sauƙaƙawa tana da haɗarinta. Yaro mai 9,5 da mai 3 duk suna iya faɗawa ja, alhali ba ciwo ɗaya ke damunsu ba, don haka lambar tana nan kusa da launin. Ba na kuma shafa wa yaro ja a bainar jama'a. Kunya tana korar ɗalibi fiye da bulala.

Malamai ƴan'uwana, kafin mu ja layi mu tambayi kanmu: wa zai duba, kuma me muke so ya yi gobe da safe? Iyaye kuma, in an miƙa muku takardar da ba ku gane ba, ku tsaya sai an fassara. Haƙƙinku ne. Uban da ya fahimci halin ɗansa a watan Janairu yana da sauran lokacin gyara. Wanda sai a Yuni ya ji, jaje kawai ya rage a yi masa.