Tubani

Rabona da tubani har na manta. Shekaranjiya na ga wani yaro yana watsa wa tumaki ganyen dawa, sai ƙamshin tubani ya faɗo mini a rai.

Da ganyen nan kakata take naɗe shi. Ta kai gujiya niƙa, ta kwaɓa garin da ruwan kanwa, ta shimfiɗa karare a gindin tukunyar ƙasa, tururi ya yi sauran aikin. Mu dai namu zaman jira ne a bakin murhu, hayaƙi na sa mu hawaye. In ta sauke, man gyaɗa da yaji kawai ake sa masa. Guda uku kan riƙe yaro har la'asar, sai dai ya yi ta zarya wajen randa.

Ba daɗi ya rasa ba, aiki gare shi. Wa zai tsaya naɗin ganye alhali Indomie ba ta kai minti biyar a wuta? Ban ga laifin kowa ba, nima ita nake dafawa.

Da na ba 'yata labari, ta ɗauka sunan wani ƙauye ne.