Tafiya da Kaka a Lokacin Kaka

Bahaushe bai saba shiga daji don hutawa ba. Daji a wurinsa wurin nema ne, na itace da ciyawa da sassaƙe, ko kuwa wurin da ake ratsawa da addu'a a baki har a hango hayaƙin gari. Shi ya sa idan aka ce iyali sun ɗauki guzuri sun nufi dawa don kallo kawai, sai a ji abin kamar al'adar Turawa, waɗanda ganyen ƙasarsu kan rine ya koma ja da ruwan ɗorawa a watan Oktoba, su kwashi 'ya'ya su tafi sha'awarsa. Kakarmu ta nan adonta daban ne: ruwa ya ɗauke, raɓa ta sauko, gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi, rana ta sassauta, hazo kuma bai riga ya rufe sama ba. 'Yan makonni ne ƙalilan, kuma su na zaɓa bara, da na ƙudura kai mutanen gidanmu Yankari da ɗan abin da na tara a shekarar bautar ƙasa.

Duk wanda ya san dajin ya ba ni shawarar in jinkirta. Lokacin ganin namun daji, in ji su, daga Fabrairu ne zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, ƙishirwa ta koro giwa da ɓauna da gwanki zuwa bakin kogin Gaji. Da kaka kuwa gamba ta fi mutum tsayi, ruwa yana ko'ina, dabba ba ta da dalilin fitowa fili. Shawarar gaskiya ce, amma an yi ta ne domin matafiyi mai ƙarfin jiki. Ni kuwa a cikin ayarina akwai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ta haura tamanin, tana fama da hawan jini, ganinta yana raguwa kowace shekara. Zafin Afrilu a ƙasar Bauchi ba abin da za a fitar da ita a cikinsa ba ne. Idan na zaɓi giwa, na bar Kaka a gida. Ban kuma da tabbacin cewa kaka mai zuwa za ta same ta da sauran gani.

Baba ne ya fara turjewa, kuma da hujja: wake yana gona ba a gama roro ba. Muka daidaita a kan Asabar da Lahadin ƙarshen Nuwamba, yara ba su rasa makaranta ba, shi ma bai rasa ranar aiki mai yawa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada dare ya same mu a hanya, da zuwa da dawowa. Kaka kuwa da na gaya mata sai ta yi dariya ta ce, "Kishiya, ni da aka haifa a daji, ni za ki biya kuɗi ki kai daji?"

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne Umma. Tana jin maganar tafiya ta shiga lissafin tukunya da risho da kwanon shinkafa nawa za su ishi mutum bakwai. Na daɗe ina lura da wannan a kowace fita da ake kira ta iyali, ko ta biki ko ta ziyara: kowa ya sauya wuri ya huta, uwa kuwa madafinta kawai ake ɗauka a kai mata wani gari. Tun da na yi wayo ban ga ranar da rana ta faɗi Umma ba ta ɗora tukunya ba, in ban da kwanakin jego. Saboda haka ni da ƙanena muka kwana biyu muna haɗa abin da ba ya buƙatar wuta: dambun nama, ƙuli-ƙuli da garin kwaɗo, dafaffiyar sabuwar gyaɗa, rake, fura a kula, sauran kuma a saya a can. Da ta ɗauko risho da safiyar tafiya, Baba da kansa ya karɓe ya mayar ɗaki. Ba ta ji daɗi ba da farko. Mutumin da aka saba aunawa da aikinsa yakan ji kamar an rage shi idan aka ce ya zauna.

Sauran shirin na kariya ne. Kaka lokacin sauro ce, muka ɗauki gidan sauro ga kowa. Lokacin maciji ce kuma, don manoman yankin sun san kububuwa da girbi, asibitin masu saran maciji na Kaltungo ma a irin wannan lokaci yake cika. Aka saya wa yara takalma rufaffu, aka kafa musu dokar kada su shiga ciyawa.

Daga Bauchi muka bi hanyar Gombe, muka karkata a Dindima, muka shiga ta ƙofar Mainamaji. An keɓe wannan daji tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, amma a motarmu mutum ɗaya ne ya taɓa shigarsa, wato direba. A sansanin Wikki gwaggon biri ya yi mana maraba da fizge ledar rake daga hannun Auta, kuka ya tashi, dariya ta biyo baya.

Da la'asar muka shiga motar zagaya daji tare da ɗan jagora. Awa biyu muna tafe. Mun ga gwambaza, mun ga mugun dawa da 'ya'yansa sun ɗaga wutsiya sama suna gudu, mun ga kashin giwa ɗanye a tsakiyar hanya da reshen da ta karya. Giwar kanta ba mu gan ta ba. Auta ya ɓata rai, har sai da Kaka ta sa aka miƙo mata wani ganye ta taga, ta murza, ta shinshina, ta ce marke ne. Daga nan wasa ya kankama. Yaron yana nuna bishiya yana kwatanta ta, ita tana faɗin suna da amfani: kanya, taura, maje, kirya wadda ake turmi da ita. A ƙauyen da ta tashi, in ji ta, an sare su duka an yi gawayi. Ɗan jagoran ma ya yi shiru yana saurare.

Washegari bayan asuba, kafin jama'a su taru, mu mata muka gangara maɓuɓɓugar Wikki. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina. A sanyin safiyar nan tururi yake yi. Muka riƙe Kaka a matakala ɗaya bayan ɗaya har ta zauna ta tsoma ƙafafu, ta ce rabonta da jin gwiwoyinta sun saki haka tun kafin a haife ni. Umma ta zauna gefenta, hannuwanta biyu a kan cinya, babu abin da take riƙe da shi. Can sai ta juyo ta tambaye ni ko ƙarfe nawa, na faɗa mata, ta ce, "Yanzu da ina gida na gama dama koko." Ta ƙara nutsa ƙafarta cikin ruwan, muka zauna har rana ta hau kan bishiyoyi, Baba ya aiko Auta ya ce a zo a kama hanya.